Maganar da Na Liƙa wa Farfesa a Holan

Adireshin ɗakin da na riƙe a jaka tun daga Kafanchan, ranar da na iso ƙasar Holan na tsaya a gabansa, sai na tarar shagon yi wa karnuka wanka ne da aski. Ba wasa nake yi ba. Na duba takarda, na duba lambar da ke jikin ƙofa, na sake duba takarda. Ta gilashi ina hango wata mata tana busar da wani farin kare da irin injin da ake busar mana da gashi a salun. Na ja akwatina biyu na shiga, na ce ni ce Rahila daga Najeriya, na zo karɓar makullin ɗakina. Matar ta kashe injin, ta dube ni da tausayi, ta ce ba ni ce ta farko da aka turo nan ba. Ɗan ƙasarmu da ya nemo mini ɗakin ta waya, mai kirana ƙanwata, mai rufe kowane saƙo da aya daga Littafi Mai Tsarki, tun daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Duk inda yake, Allah yana ganinsa, ni dai har yau ban gama yafe masa ba.

Na fito na zauna a inda ake jiran bas, ruwa yana tsattsafi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka binne Babanmu. Mutane suna wucewa a kan kekuna, ba wanda ya ko waiwayo. Can wata baƙar mata mai jiki ta sauko daga bas, ta dube ni, ta dubi akwatunan. Ba ta tambayi sunana ba. Tambayarta ɗaya ce: na ci abinci? Sunanta Anti Efuwa, 'yar Gana ce, tana aikin shara a wani asibiti. Ta kai ni gidanta, ta buɗe mini ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta ce in zauna har Allah ya yi. A ɗakin nan na zauna har na gama.

Abin da ya kai ni karatu ne. Ina koyar da aikin gona a wata sakandare kusa da Godogodo na sami tallafin yin digiri na biyu kan noma da rayuwar karkara. Sharaɗin a rubuce yake, na kuma sa hannu: in aka kama ɗalibi da maguɗi, tallafi ya yanke, takardar zama ta mutu, sai gida. Ban ko damu da wannan layin ba. Ni da nake kama yara da satar amsa ina murɗe musu kunne? Kuma ƙauyenmu can ƙasar Jaba, kusa da Nok, kowa ya san na tafi. Fasto ya sanar a majami'a sau uku, zumuntar mata har waƙa suka yi da sunana.

Abu na biyu da ya nemi hallaka ni keke ne. A garin nan tsohuwa mai furfura ma a kan keke take, da kaya gaba da baya. Ni kuwa a gida ɗan acaɓa nake tsayarwa. Anti Efuwa ta ba ni na 'yarta. A makon farko na faɗi sau uku, na huɗu a ƙofar makaranta, sarƙa ta zame, gwiwata tana jini. Wani tsoho mai tsohuwar rigar ruwa da takalmin roba ya zo ya durƙusa ya mayar mini da sarƙar, hannunsa duk baƙin mai. Da ganinsa na ce wannan mai gyaran famfo ne ko mai kula da fulawowin makaranta.

Na ce, "Sannu Baba, Allah ya saka."

Ya ce in kira shi Henk.

Na ce a raina, Allah ya kiyaye in kira sa'an kakana da sunansa gatsal. Na raɗa masa Baba Henk. Washegari na kawo masa busasshiyar citta daga wadda Mama ta ƙulle mini a leda. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya shiga jero mini tambayoyi: wane wata ake shukawa, wa ke tsagawa, a kan me ake shanyawa. Na amsa masa sama-sama don ina saurin shiga aji. Har na ce masa in yana so, wata rana zan zauna in yi masa bayani yadda zai gane. Kai! In na tuna wannan maganar har yanzu sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A aji kuma wata duniyar ce. Malamarmu sunanta Ineke, ɗalibai haka suke kiranta kai tsaye kamar ƙawarsu, wani ma yana cin tuffa yana musu da ita. Duk abin da aka karanta sai ta juyo ta ce, "Rahila, ke me kika gani?" Sai in miƙe tsaye in jero mata abin da marubuta uku suka ce. Sai ta ce in zauna, ba sai na tashi ba, kuma ta san abin da suka ce, nawa take tambaya. Nawa kamar yaya? Na ɗauka tarko ne.

Don ku gane, sai na koma baya kaɗan. A makarantar da na yi a gida muna da wani malami, Malam Dogara, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne mai jan biro. In ka rubuta wani abu daga kanka, zai ja layi a ƙarƙashi ya rubuta a gefe: Wa ya faɗa? In ka ce kai ne, sai ya cire tabarau ya ce, "Kai wane ne? Littafi nawa ka rubuta?" Aji ya fashe da dariya. To, muka koyi darasi. Duk tunanin da ya zo maka, komai kyansa, sai ka nemo babban mutum ka ɗora masa, ka sa sunansa da shekara a baya. Muna kiran abin sa wa magana riga. Ba mu taɓa ɗaukarsa ƙarya ba, ladabi muka ɗauke shi. A taron dangi ma in yarinya tana da magana, ai ba ta miƙewa gaban manya, kawunta take raɗa wa shi ya faɗa. Da haka na ci jarrabawa, da haka kuma na koyar da nawa ɗaliban.

Wata na uku aka ba mu babban rubutu na farko. Na zaɓi citta, abin da na tashi a cikinsa. Ga wanda bai sani ba, in an shuka citta dole a rufe gonar gaba ɗaya da ganye da ciyawa, in ba haka ba rana ta ƙone irin. Ganyen nan daga daji ake yanko shi, a ka ake ɗauko shi, dami bayan dami, kuma mata ne da 'yan mata ke ɗaukowa. Ina cikin rubutu wata magana ta faɗo mini, na rubuta ta kamar haka: girman gonar citta ba faɗin ƙasa ke yanke shi ba, ba taki ba, wuyan matan gidan ne; gidan da 'yan matansa suka tafi makaranta ko aure, gonarsa raguwa take yi.

Na karanta na ji ta yi daɗi. Sai kuma na ji tsoro, don ga ta tsirara, babu kowa a bayanta. Ina da wani tsohon fotokofi na littafin wani Bature kan manoman Afirka ta Yamma, tun ina makaranta a gida nake yawo da shi. Ba bango, ba hoto, sunan zuriyar marubucin kawai, mai tsawo, wanda har yau harshena ba ya juya shi daidai. Na ɗauki maganata na liƙa masa. Har lambar shafi na sa, don ta zauna daram.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo: in bayyana gaban kwamitin jarrabawa, ana zargina da maguɗi. Na karanta ta a bayyane a tsaye a kicin. Anti Efuwa ta ajiye ludayi ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, kin kwafi na wani?"

Na ce, "Anti, Allah shaidata, ban saci kalmar kowa ba!"

Kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Na tafi da fushi ma, na sa atamfata mai kyau, na shirya in wanke su tas.

Mutum uku ne a bayan tebur. Ineke a dama, wani mai rubuta bayanin zama a hagu. A tsakiya kuwa Baba Henk, da rigar ruwansa rataye a bayan kujera. Saura kaɗan in tambaye shi ko wani abu ya lalace a ɗakin. Sai na ga littafi a gabansa, da bangonsa da komai, ga sunan nan mai tsawo a jiki.

Ya ce, "Rahila, ni ne mai dubawa na biyu a rubutunki. Wannan littafin kuma ni na rubuta shi."

Yesu na! Ban san lokacin da na dafa tebur ba. Wanda na yi wa alkawarin bayani yadda zai gane! Kunnuwana suka yi ɗif, ina ganin bakinsa yana motsi.

Ya buɗe shafin da na ambata, ya juyo mini da shi. Jadawalin farashin gyaɗa ne. Ya ce ya karanta littafin daga farko har ƙarshe sau biyu a makon nan, ko tsufa ne ya sa ya manta. Babu. Ya ce, "Na yi shekaru a ƙauyukanku ina auna gonaki, ina hira da masu gida. Ban taɓa ƙirga dami ɗaya na ganye ba. Da ni na faɗi wannan, da na yi alfahari. Amma ban faɗa ba, kin kuma sa wa duniya hannu cewa na faɗa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ɗauka na yi ba, ba ka na yi."

Ineke ta ce a wurinsu duk ɗaya ne. Wanda ya ƙirƙiri shaida da wanda ya saci magana hukuncinsu guda, don gobe wani ɗalibi zai je neman maganar a littafin ya rasa. Ta faɗa ba tsawa ba zagi, kamar tana gaya mini lokacin tashin jirgin ƙasa. Ni da a ce ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. A lokacin na hango kaina ina sauka daga mota a Kafanchan da akwatina biyu, watanni huɗu kacal da tafiya.

Baba Henk ya ce, "To, wa ya faɗa?"

Tambayar Malam Dogara ce sak, sai dai shi wannan amsar yake so da gaske. Na buɗe baki. Kalmar nan 'yar ƙarama ta ƙi fita. Gaban farfesa, in ce ni? Sai na ji bakina ya ce, "Mamata ce."

Ban yi niyyar ƙarya ba. A lokacin har na yarda, don wa ya san citta kamar Mama? Tun rasuwar Babanmu ita ke riƙe da gonar. Fuskar tsohon ta saki. Suka yi shawara da yarensu, sannan aka ce an ba ni kwana goma: in kira ta, in naɗi muryarta tana tabbatar da maganar da izinin a sa sunanta, in gyara rubutun. In na kawo, za a sassauta. In ban kawo ba, a zartar da hukunci.

Na fito ina godiya ga Ubangiji. Ai abin ya zo da sauƙi.

Lokacin tsagar citta ne a gida. Na kira da rana, na san tana kan dutsen bayan majami'a inda ake shanya, nan ne kuma waya ke kamawa. Ina jin ƙarar wuƙaƙe da hirar mata a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko ina zuwa sujada. Na yi mata bayani a gajarce, na fassara mata maganar, na ce abin da nake so kawai ta maimaita ta ce ita ta faɗa mini.

Na ji ta tashi ta yi nisa da matan.

Ta ce, "Sake karanta mini."

Na sake.

Ta ce, "Rahila, wannan magana ba nawa ba ne."

Na ce, "Haba Mama, ai kin sani gaskiya ne. Ki dai ce ke ce, shi ke nan."

"Gaskiya ne, amma ban faɗa miki ba. Ni da nake tsayawa gaban zumuntar mata ina karanta Dokoki Goma, in yi shaidar zur a cikin waya har ƙasar Turawa? Ba da ni ba."

Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce koro ni za a yi, ko ba ta gane ba ne? In dawo in kalli mutanen gari da wane ido?

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Yaya za a yi in faɗa miki abin da na yi shekara da shekaru ina ɓoye miki? Shekarar da kika tafi makaranta, kin dawo hutu kin ga ban shuka ɓangaren rafi ba, kin tambaye ni. Me na ce miki?"

Na ce, "Kin ce ƙasar ta gaji, kin ba ta hutu."

"Ƙasa ba ta gaji ba. Yayarki ta yi aure, ke kin tafi, wuyana ɗaya ba zai rufe gonar nan ba. Ban so ki sani ba don kada ki ce za ki bar karatu. Ashe kina kallo."

Wayyo Allah. Na zauna a ƙasa a tsakar ɗakin. Ashe ina kallo kuwa. Duk hutu in na dawo sai idona ya je ɓangaren rafin nan, ciyawa ta cinye shi. Na ga gonar gidan kawuna ta ragu shekarar da tagwayensa suka shiga makarantar kwana. Na ga ta maƙwabtanmu ta ƙaru da ɗansu ya kawo mata. Ba wanda ya gaya mini. Ni na gani, na haɗa, na ajiye can ƙasan zuciya don ba na so in san cewa karatuna a wuyan uwata ya hau. Na yi kuka har Anti Efuwa ta turo ƙofa ba sallama.

Kwana uku ina juya abin. Anti Efuwa ta ce ita in ana so za ta yi muryar tsohuwa a waya, wa zai gane? Na yi dariya cikin hawaye na ce ta rufa mini asiri, ƙarya biyu sun ishe ni. A rana ta huɗu na hau keke na tafi ofishin Baba Henk. Ban zauna ba. Na ce masa babu muryar da zan kawo, mahaifiyata ta ƙi, don ba ita ta faɗa ba. Na yi wa kwamiti ƙarya ta biyu.

Ya cire tabarau. Na san abin da ke biyo bayan cire tabarau.

Ya ce, "To wa?"

Na ce, "Ni ce."

Bai yi murmushi ba, kada ku ɗauka fim ne. Ya ce dole ya gaya wa kwamiti, kuma bai san abin da za su yanke ba. Sannan ya tambaye ni ta yaya na sani. Na fara ba shi labarin ɓangaren rafi, ina yi ina share hanci. Ya turo mini takarda da biro ya ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Rubuta. Gida nawa kika gani, wace shekara, me kika tabbatar, me kike zato kawai. In kin yi kuskure, ya zama naki ne."

Hukuncin ya fito bayan mako guda, makon da ban san ɗanɗanon abinci ba. An soke rubutun, an ba ni sifili, an sa gargaɗi a fayil ɗina wanda zai bi ni har in gama. Kuskure ɗaya nan gaba, sai gida. Amma ba a kore ni ba. Aka ce in sake rubutawa daga farko.

Ban taɓa shan wuyar rubutu irin wannan ba. Duk layin da na rubuta sai in ji kamar na fita kasuwa ba ɗankwali. Hannuna yana ta kai wa ga sunayen manya, ina janyo shi. Ineke ta mayar mini da shi sau uku, ta ce a nan na ɓuya, a can na cika baki fiye da abin da na gani. Na ji haushinta ƙwarai, amma gaskiyarta ne.

Ranar da zan miƙa na ƙarshe na kira Mama. Sun gama shanya, tana ɗure buhuna. Ta ce in karanta mata farkon. Na ce da Turanci ne. Ta ce ai ina da baki, in juya mata.

Na karanta: "Shekarar da na tafi makaranta, gonar cittar mahaifiyata ta ragu da ɓangare guda. Na gani da idona, na kuma yi shekaru ina yin kamar ban gani ba."

Na ji ta ajiye buhun da take ɗurawa.

Ta ce, "Haka kika rubuta, Turawa su karanta?"

Na ce, "Haka, Mama. In ba ki so in cire."

"Kada ki cire. Amma akwai sauran wuri a takardar?"

Na ce akwai.

Ta ce, "To ƙara a ƙasa cewa ni na ce ki tafi, kuma ko yau aka sake tambayata haka zan ce. Wannan kam ni na faɗa. Sa sunana."